A Fara Gano Abin Da Ya Zubar Da Gashi Kafin A Shafa Magani

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili domin in yi tsokaci a kan zubewar gashin kai da magungunan itatuwa da ake tallatawa da sunan suna mayar da shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda tallan irin waɗannan magunguna ya cika shafukan sada zumunta, inda za ka ga kwalba ɗaya ana cewa tana maganin sanƙo da ƙora da karyewar gashi da zubewarsa bayan haihuwa, alhali kuwa waɗannan matsaloli ne daban-daban, kowace da sababinta. Ba na cikin masu raina maganin itatuwa, kuma zan kawo waɗanda bincike ya nuna suna da ɗan tasiri. Damuwata ita ce mutumin da zai shafe shekara yana shafa mai a kan ciwon da ke kashe saiwar gashinsa, har lokacin da za a iya ceton ta ya wuce.

Kan mutum yana ɗauke da silin gashi kimanin 100,000, kuma kowane sili yana da zangon rayuwarsa. Yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana tsawo, kusan santimita ɗaya a wata, sannan ya dakata, ya huta na kimanin wata 3, ya faɗi, wani sabo ya fito daga ramin da ya bari. A kowane lokaci kusan kashi 90 cikin 100 na gashin yana cikin zangon girma, sauran kuma suna hutu. Saboda haka zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Matar da ta tsefe kitson da ya yi makonni a kanta ta ga gashi ya cika mataji, gashin da ya riga ya saki a cikin waɗannan makonni ne ya taru ya fito lokaci guda. Sanin wannan lissafi yana da amfani ta wata fuskar kuma: tunda gashi santimita ɗaya yake yi a wata, duk wanda ya yi maka alkawarin cikar kai a cikin mako biyu ya yi maka alkawarin abin da jikin ɗan Adam ba ya yi.

Zubewar da ta fi tayar wa mutane hankali, musamman mata, ita ce wadda ke biyo bayan wata wahala da jiki ya sha, kamar haihuwa, zazzaɓi mai zafi, tiyata, ramewa cikin gaggawa ko tashin hankali mai tsanani. A irin wannan hali gashi mai yawa yakan shiga hutu a lokaci ɗaya, sai bayan wata 2 zuwa 3 ya fara zuba ta ko'ina a kai, lokacin da mai shi ya warke har ya manta da rashin lafiyar. Likitan fata Albert Kligman na Amurka ne ya yi bayaninta a 1961, kuma an ga yawaitarta a tsakanin waɗanda suka warke daga cutar korona. Saiwar gashin ba ta mutu ba, kuma a mafi yawan lokuta zubewar takan tsaya da kanta cikin kimanin wata 6, gashin ya dawo a hankali. A nan ne yawancin shaidar da ake bayarwa a kan magungunan gashi take samo asali. Mai jego ta ga gashinta yana zuba, ta sayi mai ta fara shafawa, bayan wasu watanni gashin ya dawo kamar yadda da ma zai dawo, sai ta yaba wa man da zuciya ɗaya ta kuma tallata shi ga 'yar'uwarta. Ba ƙarya ta yi ba, abin da ta gani ta faɗa, sai dai 'yar'uwar tana iya kasancewa da wani ciwon dabam wanda ba ya warkewa da kansa.

Idan irin wannan zubewa ta wuce wata 6 ba ta tsaya ba, to sai a duba cikin jiki. Ƙarancin jini da ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda ya fi kama mata masu zubar da jini mai yawa a lokacin al'ada da masu haihuwa a kai a kai, yana daga cikin abubuwan da likita zai fara nema. Haka nan matsalar tayirod, wato halittar nan ta gaban wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, ko aikinta ya yi yawa ko ya yi kaɗan, tana sa gashi ya yi ta zuba. Akwai rashin isasshen abinci mai gina jiki, akwai tunjere, akwai kuma wasu magungunan asibiti, waɗanda suka fi shahara a cikinsu su ne na ciwon daji. Gwajin jini ne ke bayyana yawancin waɗannan, kuma babu man da za a shafa a fatar kai ya ƙara wa mutum jini.

Sanƙon gado kuwa labarinsa dabam ne. Jikin namiji yana juya wani ɓangare na sinadarin maza, wato testosteron, zuwa wani mai suna DHT, kuma ga wanda ya gaji saiwar gashi mai jin wannan sinadari, saiwoyin gaban goshi da na tsakiyar kai sukan riƙa ƙanƙancewa, kowane sabon sili ya fito ya fi na baya siranta da gajarta, har ya koma ɗan tsirin da ido ba ya gani sosai. Gashin ƙeya da na gefen kunne ba ya jin DHT, shi ya sa yake saura, kuma daga nan ne masu dashen gashi suke ɗiba. James Hamilton ya nuna alaƙar sanƙo da sinadarin maza a 1942, bayan ya lura cewa mazan da suka rasa marainansu kafin balaga ba sa yin sanƙo. Ana gadonsa daga wajen uwa da wajen uba duka, kuma kusan rabin maza suna da wani mataki nasa kafin su kai shekara 50. Mata ma suna yi, sai dai nasu yakan bayyana ne ta hanyar faɗaɗar tsaga da raguwar cikar gashi a saman kai. Magunguna biyu ne suka fi samun gwaji a kansa: minoksidil na shafawa, wanda asalinsa maganin hawan jini ne aka ga yana fitar da gashi, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1988, da kuma ƙwayar finasteraid da aka amince wa maza a 1997, wadda ke rage DHT, kuma ba a yarda mai ciki ta sha ko ta taɓa fasasshiyarta ba. Dukkansu biyun suna aiki ne muddin ana amfani da su; da an daina, gashin da suka riƙe zai zube cikin 'yan watanni.

Akwai kuma wanda mutum zai wayi gari ya ga wani fili mai santsi, zagayayye kamar kwabo, a kansa ko a gemunsa, babu ƙaiƙayi babu ɓawo. Garkuwar jikinsa ce ta juyo ta kama saiwar gashin. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma idan filin ƙarami ne yakan cike da kansa ga mutane da yawa a cikin shekara guda, ko da yake yana iya dawowa. Ga waɗanda nasu ya yi tsanani, an amince da ƙwayar barisitinib a Amurka a 2022. Wannan ma yana cikin cututtukan da ake yawan ba wa magani lada a kan warkewar da jiki ya yi da kansa.

Inda nake so masu karatu su tsaya su yi nazari sosai shi ne zubewar da ke barin tabo, domin ita ce ba a mayar da ita. Kitso mai tsauri, da ɗaure gashi tamau, da nauyin ƙarin gashi, suna jan saiwa kullum har ta gaji, kuma gaban goshi da saman kunnuwa ne suke fara tafiya. Binciken da Farfesa Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta suka wallafa a 2007 a Afirka ta Kudu ya sami wannan matsala a kusan kashi ɗaya cikin uku na matan da aka duba, ya kuma nuna haɗarin yana ƙaruwa idan aka yi kitson a kan gashin da aka miƙar da man rilaksa. Alamomin farko ba su ɓuya ba: zafi bayan kitso, ciwon kai, da ƙananan ƙuraje a bakin tsaga. Wadda ta sassauta a wannan mataki gashinta zai dawo. Wadda ta ci gaba shekara da shekaru kuwa, ramukan gashin sukan toshe su zama tabo, fatar wurin ta yi sumul tana ƙyalli. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ƙananan yara mata da ake yi wa kitson da ke hana su barci, a ce su yi haƙuri zai saki, alhali wannan zafin shi ne kukan saiwar gashin da za su buƙata idan sun girma.

Wani nau'in mai tabo yana farawa ne daga tsakiyar kai yana faɗaɗa a hankali zuwa gefe, kuma ya fi kama mata baƙar fata masu matsakaicin shekaru. Wasu suna jin ƙaiƙayi ko zafi ko tsami a wurin, wasu kuma ba sa jin komai. Kumburi ne a ƙarƙashin fata yake cinye saiwoyin ɗaya bayan ɗaya, kuma wani bincike da aka wallafa a 2019 ya danganta shi da sauyi a wata ƙwayar gado mai suna PADI3 ga wasu daga cikin masu shi. Aikin likita a nan shi ne ya kashe kumburin domin ya ceci abin da ya saura. Gonar da saiwar shukarta ta ƙone, ban ruwa da taki ba sa tayar da ita, haka ma wurin da ya riga ya zama tabo babu ganye ko ƙwaya da za su fitar da gashi a cikinsa. Duk watan da mai wannan ciwo ta ƙara tana gwada mai iri-iri, wani yanki ne na kanta take rasawa har abada.

A wajen yara kuwa, fili mai ɓawo da karyayyen gashi galibi ƙora ce, wadda ƙwayar cutar makero ke haddasawa, kuma tana yaɗuwa ta mataji da hula da matashin kai da injin aski. Ƙwayar cutar tana shiga cikin silin gashin ne, shi ya sa shafe-shafe kaɗai ba ya kashe ta, sai an sha magani irin su girisiyofulbin ko tabinafin na tsawon makonni bisa umarnin likita. Idan aka bar ta ta kumbura ta yi ruwa, tana iya barin yaro da tabon da gashi ba zai sake fitowa a kai ba.

Yanzu bari in zo kan itatuwa, in faɗi abin da aka gwada. Man rozmeri, wani ganye mai ƙamshi, shi ne ya fi kowanne suna a 'yan shekarun nan, kuma sunan nasa ya dogara ne a kan gwaji guda da aka yi a Iran aka wallafa a 2015, inda aka raba maza 100 masu sanƙon gado gida biyu, wasu suna shafa man rozmeri, wasu minoksidil mai ƙarfin kashi 2 cikin 100. A wata na 3 babu wani canji a kowane ɓangare. A wata na 6 adadin gashi ya ƙaru a duka biyun kusan daidai, kuma ƙaiƙayin kai bai dami masu rozmeri kamar yadda ya dami masu minoksidil ba. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, amma masu talla ba sa faɗin cewa minoksidil ɗin da aka gwada shi da shi mai rauni ne, tunda na maza yawanci mai kashi 5 ne, kuma babu rukuni na uku da ya shafa man da babu komai a cikinsa domin a auna.

Ruwan albasa ma yana da nasa gwajin. A Iraƙi, a 2002, masu zagayayyen filin nan na garkuwar jiki su 23 sun riƙa shafa ɗanyen ruwan albasa sau biyu a rana, kuma 20 daga cikinsu sun ga tsirowar gashi a mako na 6, yayin da 2 kawai daga cikin 15 da suka shafa ruwan famfo suka ga haka. Mutanen ba su da yawa, kuma ciwon nasu ba sanƙon gado ba ne, don haka mai sanƙo da ya ɗauki wannan a matsayin hujja ya ɗauki maganin wani ciwon. A kan wannan ciwo dai, wani gwaji a Sikotilan a 1998 da ya ƙunshi mutum 86 ya sami sauƙi a kashi 44 cikin 100 na waɗanda suka yi wata 7 suna murza haɗin man rozmeri da labanda da tayim da itacen sida, a kan kashi 15 na waɗanda suka murza man da aka sirka su da shi kawai.

Ga sanƙon gado akwai wasu guda biyu da ake sha. A Koriya ta Kudu, a 2014, an ba wa maza 76 ko dai ƙwayar da ke ɗauke da miligiram 400 na man 'ya'yan kabewa a kullum ko kuma wadda babu komai a cikinta, na tsawon mako 24, kuma adadin gashin masu shan man ya ƙaru da kashi 40 cikin 100 a kan kashi 10 na ɗaya ɓangaren. Sai 'ya'yan wata gajeriyar kaba ta kudu maso gabashin Amurka da ake kira so falmeto, waɗanda aka gwada da finasteraid a Italiya a kan maza 100 na tsawon shekara 2, aka wallafa a 2012: kashi 38 na masu shan ta sun ga ƙari, a kan kashi 68 na masu finasteraid. A ganina wannan gwajin ya fi kowanne bayyana matsayin itatuwa a kan sanƙo. Suna da tasiri, amma tasirin bai kai na maganin asibiti ba, kuma shi ma yana buƙatar watanni.

Sauran da ake yawan ambata, kamar man zurman da hulba da habbatussauda da alobera, amfanin da ya fi bayyana a gare su shi ne laushin gashi da sanyaya fatar kai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mutane da yawa da ke kukan gashinsu ba ya tsawo, karyewa yake yi daga tsakiya saboda bushewa da zafin na'urar busarwa da man rilaksa, saiwar kuwa lafiyarta ƙalau. Bambancewar tana da sauƙi: silin da ya saki daga saiwa yana da ɗan farin kai a ƙarshensa, wanda ya karye kuwa guntu ne babu wannan kan. Ga mai karyewar gashi man kwakwa yana da hujja, domin wani bincike a Indiya a 2003 ya nuna yana shiga cikin silin ya rage lalacewarsa a wajen wanki da taza. Gashin da ya daina karyewa zai yi tsawo ya kuma yi cika a ido, amma wannan ba ya nufin sabuwar saiwa ta fito a inda babu.

Kasancewar abu ganye ba ya sa ya zama marar illa. Ɗanyar tafarnuwa da aka daka aka ɗaure a fata tana ƙona ta kamar wuta, kuma ƙunar tana iya barin tabon da zai mayar da zubewar wucin gadi ta zama ta dindindin. Tataccen man rozmeri ko na na'a-na'a yana da ƙarfi ƙwarai, ba a shafa shi zalla. Ɗigo 3 zuwa 5 a cikin babban cokali na man kwakwa ko na zaitun ya isa, kuma a fara gwadawa a cikin damtse a jira kwana biyu a ga ko fata za ta yi ja. Mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara su nemi shawarar likita tukuna. Yawan loda mai a fatar kai yana ƙara amosani ga masu shi. Ƙwayoyin ƙarin sinadarai ma haka: bitamin A da seleniyom idan suka yi yawa su da kansu suna zubar da gashi, biyotin kuwa, wanda ake sayarwa da sunan bitamin ɗin gashi, hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2017 cewa yana iya gurɓata sakamakon gwajin jini, har da wanda ake gano ciwon bugun zuciya da shi. Sannan an sha kama man fata da aka rubuta masa ganye zalla alhali an zuba masa sitiroid, wato maganin asibiti mai ƙarfi na kashe kumburi, a ɓoye, don haka kwalbar da ba ta lissafa abin da ke cikinta ba bai kamata ta hau kan kowa ba.

Wanda yake so ya gwada maganin itatuwa a kan sanƙon gado da bai yi nisa ba, ko a kan karyewar gashi, yana da dalilin yin haka, muddin ya ɗauki abu ɗaya, ya ɗauki hoton kansa a wuri ɗaya da haske ɗaya kowane wata, ya kuma ba shi wata 6 kafin ya yanke hukunci. Amma wanda ya ga ƙuraje ko ɓawo ko ruwa, ko yake jin zafi a fatar kai, ko fatar ta yi sumul ramukan gashin sun ɓace, ko gira da gashin jiki suka fara zuba, ko zubewar ta zo da kasala da ramewa da rikicewar al'ada, to wurin likitan fata ya kamata ya fara zuwa, kuma ya gaya masa duk abin da ya riga ya shafa ko ya sha.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne a gayyato likitan fata da masanin harhaɗa magunguna su riƙa amsa tambayoyin masu karatu a shafin lafiya na wannan jarida, tare da hotunan da za su nuna bambancin ƙora da sanƙo da zubewa mai tabo, a kuma riƙa neman shaidar rajistar hukuma da jerin abin da ke cikin magani daga duk wanda ya kawo tallan maganin gashi kafin a buga masa.

Na gode da filin da aka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku a kullum